Babin da Issifou Ya Kasa Rubutawa

Ni tun farko ban yarda da zancen tafiyar nan ba, amma wa ya tambaye ni? Ranar da 'yar'uwata Hussainatu ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, 'yarta Mounira tana lakwal, wato makarantar boko. Kafin a taso yara an yi mata wanka, an yi mata sallah, maza sun kai ta sun dawo. Surukarta Iya Ma'u ta tara mu a tsakar gida, ido jajur, ta ce yarinya 'yar shekara bakwai ba ta isa jin wannan ba, a ce mata uwarta ta tafi Kumasi saro atamfa. Daga ƙofar lakwal aka ɗauke Mounira aka wuce da ita Kégué wurin gwaggonta, ba a dawo da ita ba sai da aka naɗe tabarmin makoki. Haka ake yi a Zangonmu na Lomé, ba a kanmu aka fara ba. Wai yaro mantuwa gare shi, yau ya tambaya, gobe ya tambaya, jibi wasa ya ɗauke masa hankali.

To, Mounira ba ta manta ba.

Ni ce Assana, tagwaye muke da marigayiya. Fuska ɗaya, murya ɗaya, har ɗinki iri ɗaya muke yi tun muna yara. Abin da ya raba mu tafiya ce: ita kamar ba ta son taka ƙasa, ni kuwa tun daga bakin titi an san na taho. Gida ɗaya muke haya, ɗakina yana kallon nasu, saboda haka komai a idona aka yi shi. Kullum da safe kafin ta tafi lakwal, Mounira sai ta ɗauko silifan uwarta, wasu shuɗɗa da dunduniyarsu ta cinye, ta wanke su ta jera a bakin ƙofa. Ta ce Mma da takalman fita ta tafi, in ta dawo ƙafarta za ta yi ciwo, waɗannan za ta nema. Wata rana a bakin famfo wata yarinya ta ce mata ai uwarta mutuwa ta yi. Mounira ta yakushe ta, ta rugo gida ta tambayi kakarta. Iya Ma'u ta ce ƙarya ne, ta ba ta alewa. Ni dai na shige ɗaki na turo ƙofa, don in na tsaya sai na faɗi abin da zai raba ni da tsohuwar har abada.

Uban yarinyar, Issifou, malamin lakwal ne, duk Zango "Metir" ake ce masa. A gaban aji guda yana magana ba gargada, amma a gaban 'yarsa sai ya zama bebe. Mounira ce 'yarsa ta fari, kuma Iya Ma'u ta rene shi a kan kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ya kiran sunanta, ba ya ɗora ta a cinya, ba ya haɗa ido da ita in da mutane a wurin. "Ke" yake ce mata, in kuma zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan". Ita Hussainatu ba ta taɓa kula wannan kunya ba, ta ce 'yarta ce, ba aro aka ba ta ba. Ita ce ke kai saƙo tsakanin uba da 'ya. Da ta tafi, sai ga su nan su biyu a ɗaki ɗaya, suna son juna kamar me, ba mai iya ce wa wani uffan.

Ana cikin haka sai ga maganar tashi. Hukuma ta ce Zango ya bar tsakiyar gari, an ba mu fili a Agoè, can waje, inda a lokacin ban da ciyawa da sauro babu komai. A wancan zamanin ba a tambayar dalili. In an ce tashi, igiyar ɗaure kaya kawai za ka nema. Manya suna tunanin kwano da katako, ita Mounira abu ɗaya ya dame ta: in Mma ta sauka a tasha ta zo ta tarar babu gida, ina za ta nufa? Ta tambayi kowa, kowa ya ce Allah zai kawo ta. Daga nan ta ɗauke wa abinci. Koko sai ta yi ta juya shi da ludayi har ya huce, ƙosai ta marmasa wa kaji. Ƙashin wuyanta ya fito.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tare Issifou a zaure, na wanke shi tas. Na ce masa na binne 'yar'uwata, ba zan zuba ido in binne 'yarta ba saboda kunyar banza. Na ce in shi ba zai faɗa mata ba, ni zan faɗa, Iya Ma'u ta tsine mini in ta ga dama. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya roƙe ni don Allah in bari. Ya ce ya sani haƙƙinsa ne, daga bakinsa ya kamata ta ji, sai dai bakin ne ya ƙi. Ya shiga ɗaki ya fito da wasu takardun jarrabawa da ya rubuce bayansu da jan biro. Wai labari yake rubutawa irin na yara, na wata yarinya da uwarta ta yi tafiya. Zai riƙa karanta mata kaɗan-kaɗan, har su isa wurin da shi ba ya iya isa shi kaɗai.

Na ce, to, Metir, karanta mu ji.

Da Faransanci ya rubuta, yana karantawa yana juya mini da Hausa. Kafin ya fara sai da ya yi mini darasi, ka san malamai. Ya ce duk labarin ta idon yarinyar za a gan shi: abin da ba ta sani ba, mai sauraro ma bai sani ba, don kada yaro ya ji an fi shi wayo. Ya ce zai riƙa dasa alamu nan da can, zuciya ta fara zargi kafin kunne ya ji. Na tambaye shi wace irin alama. Ya ce ga tsuntsuwa da ta bar sheƙa, ga fitila da manta ya ƙare, ga hadari da ya haɗu bai zubar ba.

Na ce masa ya saki tsuntsuwar nan ta yi gaba. Yarinya tana wanke silifa kullum a ƙofar ɗakinsa, yana tsallake su ya tafi neman alama a kan bishiya? Ya soke layi biyu, ya rubuta silifa.

Amma abin da ya fi ba ni haushi uwar da ya sa a labarin ce. Mace ce mai haƙuri, mai sanyin murya, ba ta faɗa, ba ta ƙona girki, kullum murmushi. Na ce wannan wace ce? Wallahi ban san ta ba, kuma Mounira ma ba za ta san ta ba. Hussainatu da na sani ba ta taɓa dafa wake bai kama ba, don tana can bakin katanga tana hira. In tana yi wa yarinya kitso, da bayan mataji take ƙwanƙwasa mata kai. Tana waƙa kamar ana jan buhu a siminti, kuma ba ta yarda muryarta ba daɗi. Mace mai faɗa da direbobin Asigame, babbar kasuwarmu, har su ba ta haƙuri, amma ƙadangare ɗaya ya isa ya hau da ita kan turmi tana kiran sunan Allah. In dariya ta kama ta sai ta zauna a ƙasa daɓas, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Ina faɗa yana rubutawa. Da na zo kan turmi sai na ga biro ya tsaya, kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka dariya yake yi. Dariyar ce, amma da hawaye. Ni ma na zauna a dakalin zauren, muka yi ta yi mu biyu kamar mahaukata, har mai gawayi da ke wucewa ta leƙo ta ga ko lafiya. Tun ranar rasuwar ban yi zancen 'yar'uwata da kowa haka ba, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Washegari da la'asar aka fara karatu. Saboda kunyar nan tasa, ni ya sa a gaba, wai ni yake karanta wa in gyara masa Hausa. Mounira tana gefe tana wasa da murfin kwalba, ita ba a da ita. Ba a yi nisa ba murfin ya tsaya. Da aka zo inda uwar ta haye turmi saboda ƙadangare, sai yarinya ta fashe da dariya, ta ce, "Kamar Mma!" Ta matso har gwiwarta ta taɓa ƙafar kujerarsa. Ta tambayi sunan yarinyar labarin. Ya ce, idonsa a kan takarda, ba a raɗa mata ba tukuna. Ran nan ta cinye tuwonta har ta suɗe kwano.

Na ce alhamdu lillahi, hanya ta samu. Ashe Metir ya sami wurin ɓuya ne.

Babi ya bi babi. Yarinyar labari ta je tashar mota ta tambayi direbobin Kumasi. Ta je bakin iyaka ta leƙa fuskokin mata masu ɗauke da ƙunshi. Ta je bakin teku. Ta koyi hura wuta, ta koyi ɗaura zane ba ya kwancewa, ta koyi tsefe kanta da kanta. Kowane babi da silifa a bakin ƙofa yake ƙarewa. Na ce masa wai sai yaushe? Ya ce a irin wannan littafi dole a ga yaro yana girma, ba a yin gaggawa. Na ce in aka bi ta taka, yarinyar nan sai ta yi furfura tana jiran mota. Ya ce saura babi ɗaya. Babin nan ya rubuta shi ya yage, ya sake rubutawa ya yage, har Iya Ma'u ta samu abin hura wuta.

Ita ma tsohuwar ta gane inda aka nufa. Ta same ni ina ɗaure tukwane, ta tsaya a kaina, na shirya mata amsa. Sai ta ce a hankali ita ba mugunta ta yi ba. Ta ce ita ma haka aka yi mata da ubanta ya rasu a hanyar Salaga, kuma ba za ta iya kallon idon jikarta a ranar da za ta sani ba. Na miƙa mata kujera ta zauna.

Ranar tashi ta zo babin bai zo ba. Motoci suka kwashe mu da kwanukan rufi da awaki da tsofaffi. Kafin mu hau, Mounira ta je wurin mai gawayin bakin titi, wata 'yar Ewe da tashin bai shafe ta ba, ta yi mata kwatance tiryan-tiryan: in wata mata ta zo mai kama da Inna Assana, a ce mata Agoè, kusa da inda za a gina masallaci. Matar ta kalle ni ta saman kan yarinyar, na kau da kai. A Agoè muka kafa rumfunan kwano, Mounira ta jera silifa a ƙofar tasu. Amma cin abinci ya sake tsayawa. Karatun ma ta daina matsowa, ta ce yarinyar labarin ta cika yawo, in uwarta ta zo ba ta nan fa?

Wata safiya, rana ta ɗaga, Iya Ma'u ta zo rumfata tana tambaya ko yarinyar tana wurina. Na duba ƙofarsu, babu silifa. Wani direban da ke kai matan Zango kasuwa ya ce ai ya gan ta, ta hau tare da masu kaya, ta ce wurin innarta za ta a Asigame, shi kuwa ya san ni, bai yi musu ba. Ni ko kasuwa ban fita ba ran nan, nan take na gane tsohon gidanmu ta nufa. Kayanmu duk suna ƙulle a ƙunshi, na zaro zanen da hannuna ya fara taɓawa na ɗaura, na haye bayan mobilet, ɗan babur ɗin Issifou. Sai a hanya na lura da abin da na ɗaura. Wata atamfa ce mai ruwan ganye da muka ɗinka tare da Hussainatu a sallar ƙarshe, wadda na ɓoye tun rasuwar don kada yarinyar ta gani.

Tsohon Zango ya zama fili. Ba zaure, ba katanga, sai tarin bulo da fasassun tukwane. Da bishiyar mangwaron gidanmu na gane wurin. Tana nan zaune a kan dutsen da yake bakin ƙofarsu da, ta jera silifa a gabanta, ta rungume gwiwa. Mobilet ba ta iya shiga, muka sauka a titi. Ni na riga shi gaba, ina taka ɓaraguzai a hankali don kada in faɗi. Wannan tafiyar a hankali ita ta cuce mu.

Ta ɗago kai ta hango ni. Ta miƙe, ta suri silifa, ta sheƙo da gudu tana kiran Mma. Allah ya sani, da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige. Na tsaya cak, na kasa ko ɗaga hannu. Ta zo daf da ni, sai ta rage gudu, ta tsaya, ta dubi fuskata, ta dubi ƙafafuna.

"Inna Assana ce," in ji ta, ba da ni take ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta koma kan dutsenta ta zauna. Na waiga na dubi Issifou. Yau ba sai na ce masa komai ba. Ya wuce ni, ya je ya zauna a ƙasa kusa da ita, da farin wandonsa na lakwal, a cikin ƙurar bulo. Babu takarda a hannunsa. Ya ce mata ya zo da babin ƙarshe. Ya fara: yarinyar ta koma tsohon gidansu, ta tarar an rushe, ta zauna a bakin ƙofa, rana tana dukanta. Ta jira. Sai babanta ya zo.

Nan ya tsaya. Na ce a raina shi ke nan, zai sake tura yarinyar nan bakin teku. Mounira ta ɗan jira, sannan ta yi magana tana kallon silifa.

"Baba, uwar yarinyar ba za ta dawo ba ko?"

"Ba za ta dawo ba, Mounira," in ji shi. "Allah ya karɓi abinsa. Mmanki ta rasu."

Ta juyo da sauri ta dube shi. Ban sani ba ko maganar ce, ko sunan da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Shi ma bai kau da ido ba. Ta tambaye shi ko da zafi, ya ce da zafi kaɗan, sannan ya wuce. Ta tambaya ko Mma ta san ba Kumasi za ta ba, ya ce ba ta sani ba, da ta sani da ta yi mata sallama. Sai ta ce:

"Baban yarinyar ya daɗe bai faɗa mata ba."

"Ya daɗe," in ji shi. "Tsoro ya ji."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta faɗa jikinsa, ya ɗauke ta ya ɗora a cinya a tsakiyar fili, mutane suna wucewa a titi suna gani, ko a jikinsa. Ya yi ta kiran sunanta kamar yana biyan na shekarun baya. Ni na juya musu baya na toshe bakina da gefen zane. Mai gawayi ta tsallako titi da ruwa a kwano, ta ajiye kusa da su, ta koma wurin gawayinta.

Da kukan ya lafa, ta sha ruwan, ta share hanci da hannun rigarsa. Ta tambaye shi to daga nan me yarinyar ta yi. Ya ce wallahi bai sani ba, nan ne ya kasa rubutawa. Ta yi ɗan tunani.

"Sai ta tafi gida," in ji ta. "Ai yunwa take ji."

Ta cire nata takalman ta miƙa mini in riƙe, ta zura ƙafa cikin silifan uwarta. Sun yi mata yawa sosai, rabinsu a baya yake. Na buɗe baki zan ce za ta faɗi, Issifou ya girgiza mini kai. Haka ta taka ɓaraguzan nan har titi, tana jan su faɗat-faɗat, hannunta cikin nasa. A bakin titi na saya mata shinkafa da wake a ganye. Ta zauna a kan mobilet ta buɗe, ta shinshina, ta ce wannan bai kama ba, ba irin na Mma ba ne. Ta cinye shi duka.